Ranar da Baffa Ya Kawo wa Baba Mai Ɗori

Ina shiga zauren gidanmu a Ƙofar Durɓi sai na ga takalmin da aka sa wa ƙafar Baba a asibiti jingine da bango. Baba na kwance yana haɗa gumi, wani mai ɗori ya riƙe ƙafarsa yana ja.

Jama'a, kwana goma ke nan da yi wa ƙafar nan aiki! Jijiyar agararsa ce ta tsinke da ya zame a kasuwa. Likita ya ɗinke ta, ya naɗe da wata 'yar raga ta zamani wadda nama zai bi ya tofo, ita kuma ta narke da kanta. Sharaɗinsa ɗaya: kada a cire takalmin.

Na juya wurin Baffa Sale, ƙanen Baba, don shi ya kawo mutumin.

"Baffa, don Allah mi ya kawo mai ɗori? Ba ƙashi ne ya karye ba fa!"

"Kai yaro ne. Aikin da mutum bai yi ihu ba, ba a ɗaura kara ba, shi ne gyara? Yanzu ba ka ji ta yi ƙas ba? Ta zauna."

Ƙas ɗin nan ɗinkin ne ya ɓalle. Da muka kai Baba asibiti, likita ya duba hoton ƙafar, ya cire tabarau, ya ce sai an sake ɗinki. Jibi za a sake shiga da Baba tiyata.

Ɗazu Baffa ya bugo waya, wai in an fito da Baba a bar shi ya shafa wa ƙafar man shanu.

Ku da kuka taɓa jinya a gidan yawa, yaya kuke tsare mara lafiya daga masu ƙaunarsa?