Anti Waƙafi da Wutsiyar da Ta Ɓace

Kafin masu shara su gama goge baranda, Anti Waƙafi ta riga ta kunna kwamfutarta a ɗan ɗakin da ke jikin ɗakin magani. Shekara ashirin da bakwai tana buga takardun asibitin nan, tun zamanin tafireta. Ba ta san zama ba. Ta buga layi biyu, ta miƙe, ta leƙa firinta, ta ɗaga takarda saitin taga, ta dawo tana tsaki. Ita ke riƙe da uwar fom, wato takardar asali da ake kwafar sauran daga jikinta, kuma ba ta taɓa sakin jiki da kwamfuta ba.

Rigimarsu tsohuwa ce. In ta sa ɗan kara ɗaya na ƙafa da biyu na inci a katin awon tsayin yara, sai na'urar ta lanƙwasa su, su koma alamar zance.

"Wa ya yi magana a nan?" takan tambayi allon. "Tsayin yaro nake rubutawa, ba hirarsa ba."

Ma'aikata su yi dariya, su ce Anti da neman magana.

Wata Talata aka sauya salon haruffan kwamfutocin asibitin, aka buga sabon fom na maganin jarirai ba da saninta ba. Tana wucewa ta hango guda a kan tebur, ta ɗauka ta duba. Ɗan harafin nan mai wutsiya da ke nuna maikrogiram ya rikiɗe ya zama m, awon ya koma miligiram. Ta faɗa ɗakin magani ko sallama babu.

"Anti, lafiya? Harafi ɗaya ne fa," in ji mai ba da magani.

"Harafi ɗaya, ninki dubu, ƙanena. Nawa suka fita?"

Ya duba, ya ƙirga. Goma sha ɗaya.

Ta bi ɗakunan kwanciya tana haki, gyale na ja a ƙasa. Ta tattaro goma. Na ƙarshen yana hannun wata sabuwar nas da ke tsaye a kan gadon wani bakwaini, tana juya takardar tana shakka, ta rasa wanda za ta tambaya.

"'Yata, dakata," in ji Anti, ta riƙe mata hannu.

Uwar jaririn na gefe tana gyara masa hula. Har aka sallame su ba ta san abin da ya wuce ba.

A ranar Anti ta goge alamar daga uwar fom, ta rubuta kalmar a cike, ta kulle wurin yadda babu mai taɓawa.

Juma'ar nan take ajiye aiki. Babban ɗanta ya ce ya saya mata kujerar hutawa, amma ya san jikoki ne za su more ta. Ita kuwa tana ta kai da kawo, tana nuna wa wadda za ta gaje ta inda na'urar ke yin ha'inci.

Ke ce mai gadin da ba a ba wa sanda ba, Anti. Ba ki taɓa riƙe allura ba, amma akwai yaron da ke gudu a wani tsakar gida yau saboda kin ƙi ɗauke ido. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Mu kuma da muka rage, kafin mu danna bugawa, mu sake karantawa sau ɗaya. Akwai mutum a ƙarshen takardar.