Ba a Taɓa Jirgi

A benen da muka yi haya a Sentul, can ƙasar waje, lokacin da maigidana yake karatun digirinsa na uku, akwai tafkin iyo daidai ƙarƙashin tagar kicin ɗina. Ko kallonsa ba na son yi. Ƙanena kududdufi ne ya ci shi a Kano muna yara, don haka na kafa wa 'yata doka: ko ƙafa ba za ta tsoma ba. Duk ƙawayenta sun iya ruwa, ita kaɗai ke zama a gefe tana gadin takalma. Ta yi kukan har ta gaji, ni kuwa ko gezau.

Muna da wata maƙwabciya 'yar ƙasar, gajera, kakkaura, har ta fara furfura. Kullum ina ɗora ruwan shayi tana cikin tafkin, in sauke abincin rana tana ciki. Mu dai a wurinmu duk wanda ya shiga ruwa wanka ya je. Nakan ce wa maigidan, wai wannan baiwar Allah wace irin dauɗa ce a jikinta da ta ƙi fita?

Ran nan na sauko zan je sayen albasa, sai na hango ta a tsakiyar ruwa ta daina tafiya. Kai kawai ne a waje, baki buɗe, ƙafafu na ta wutsil-wutsil. Haka ƙanena ya yi. Na yar da jaka, na durƙusa a bakin tafkin, na warware mayafina na cilla mata gefe ɗaya, ina ihu da Hausa, "Kama! Ki kama mana!"

Ta dubi mayafin, ta dube ni, ta ja da baya. Sai mijinta, da ke zaune a kujera, ya jefa mata gora ɗaure da igiya. Ta kurɓa, ta saki, ta ci gaba da abinta. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Mayafin ma a ruwan na baro shi.

Da yamma ta ƙwanƙwasa ƙofata, ta kawo shi a wanke a goge. Da ɗan Turancinmu na kame-kame ta yi mini bayani. Ashe ba wanka take ba, atisaye take. Ta taɓa ƙetare teku da iyo daga wani tsibiri zuwa gaɓa, ta shiga da safe, ba ta fito ba sai da wata safiyar ta yi. Kafin ita babu macen da ta yi wannan nisan a ƙasar. Ta nuna mini tabon wasu halittun teku masu harbi kamar kunama, layi-layi a damtsenta. Ta ce gishiri ya kumbura mata harshe har ta kasa kiran sunan mijinta.

"Jirgin ruwa yana bin ki a gefe," in ji ta, "amma ko da yatsa kika taɓa shi, ko kika kama hannun wani, an soke komai."

Wallahi ban taɓa jin girman ɗan Adam kamar ranar ba. Matar da nake haɗuwa da ita wajen zubar da shara! Na ce, "To mijinki yana cikin jirgin, yana kallo kina galabaita, bai tsamo ki ba?"

Ta yi dariya. "Ai ya fi ni shan wuya. Ni iyo kawai nake yi. Shi kuwa hannunsa yake riƙewa."

'Yata tana raɓe a bakin ƙofa. "Ummi, please. Boleh?" ta ce, wato ko na yarda. Matar ta ce in ba ta ita ta koya mata iyo. Na daɗe ina juya maganar kafin na amince.

Ranar da 'yata za ta ƙetare tafkin ita kaɗai, ina tsaye a ɗaya gefen. Tana kaiwa tsakiya ta shaƙi ruwa, ta tsaya, kai kawai a waje. Ta neme ni da ido, ta miƙo hannu. Matar tana kusa da ita, ba ta taɓa ta ba.

Na tura hannuwana cikin hijabi, na damƙe ɗaya da ɗaya, ina kiran sunan Allah. Yarinyar ta yi tari, ta sunkuyar da kai, ta taho.

Sai da ta dafa bango da kanta na sake su. Shatin faratana ya kwana a tafina.