Katangar Malam Mannir

Duk wanda ya taɓa cika tukunyar gas a Ƙofar Kaura ya san Malam Mannir, mutumin da ba ya yarda a ƙyasta ko ashana kusa da shagonsa. Daga wani ƙauye a bayan Batagarawa ya shigo birni yana acaɓa. Ya taɓa ganin yadda gas ya cinye wani gida, shi ya sa da ya sayar da babur ya kama wannan sana'a, bai ɗauke ta da wasa ba. Ya sami ɗan fili nesa da murhun mutane, ya kewaye shi da katangar bulo, ya bar kafofin iska, ya daɓe ƙasa da siminti. Matarsa Hajo har tsokanarsa take yi, wai tukwane sun fi ta ɗaki mai kyau.

Katangar nan ce ta jawo masa. Masu harajin gini suka zo suka auna ta, suka ce ai wannan ta wuce shago, ma'ajiyar kamfani ce. Ɗantsoho kuwa, da ke sayar da nasa gas a kan benci, gefen mai tuyar ƙosai, ko kallonsa ba su yi ba. Ba gini, ba haraji. Mannir ya ɗan ƙara farashi don ya fitar da harajin, masu saye suka koma benci. Wa zai ga laifinsu?

Abin da ya fi ƙona masa rai, ya ji a rediyo manyan masu fitar da gas ƙasashen waje suna kukan a sassauta musu harajin gine-ginensu, kada wasu su ƙwace musu kasuwa. Su har zama ake yi a saurare su.

"Ranka ya daɗe, ni ma kasuwata aka amshe," ya ce wa ɗaya daga cikin jami'an harajin. "Mi na yi, in ba tsare rayukan mutane ba?"

"Malam, doka gini ta sani," in ji jami'in, yana duba wayarsa.

Da ya ga tukunyar gida za ta daina tafasa, Mannir ya ari guduma ya rushe katangar da hannunsa, yana yi yana haɗiye takaici. Filin ya koma kango, ba abin aunawa. Tukwanen ya kwashe su ya jera a zauren gidansa, inda doka ba ta leƙawa.

Hajo ta daina tsokana. Ta ja murhunta zuwa can ƙarshen tsakar gida, ta ɓoye ashana. Kullum da safe Mannir yakan durƙusa ya shinshina bakin kowace tukunya, kafin ya bar 'yarsa Nafisa ta ratsa zauren ta tafi makaranta.