Rabin Man da Na Ba Ƙawata

Ko zan manta da komai na shekarar farin nan, ba zan manta da ranar da na raba man shafawar ɗiyata gida biyu ba. Lokacin soja ke mulki, damina ta yi gardama, gero ya bushe a tsaye tun bai fidda kai ba. Kowa na fama da yunwa, ni kuwa har da kirci. Ya kama ɗiyata mai shekara biyu a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, tana susa har jini. Man shanu, man kaɗe, saƙe-saƙin tsofaffi, babu wanda ban gwada ba.

Ana haka aka yi shela cewa likitoci sun zo asibitin Mayahi suna gwajin sabon maganin kircin yara. Wata ma'aikaciyar jinya da muke kira Madam ta zaunar da mu ta yi mana bayani. Man iri biyu ne, sabo da wanda aka saba, an rufe sunayensu. Ta ce mini, "Ni kaina ban san wanne ɗiyarki ta samu ba. Ki shafa mata ita kaɗai, kar ki ba kowa." Na yarda, na dangwala yatsa a takarda.

A layin asibitin na haɗu da wata Bafulatana daga wajen Gidan Amumune, goye da ɗanta mai irin ciwon, shi ma an sa shi a gwajin. Hanyarmu ɗaya, don haka duk ranar kasuwa takan jira ni a gindin wani gawo mu taka tare zuwa asibitin. Shanunsu na mutuwa, amma ba ta taɓa zuwa ba ɗan nono a ƙoƙo ba. Ita ta koya mini ɗinka wa yarinya ƴan jakunkunan hannu don kar farce ya yage fata. Ban taɓa yin ƙawa mai sanyin rai kamarta ba.

Bayan wata guda fatar ɗiyata ta fara laushi. Ta ɗanta kuwa sai tsagewa take. Ba ta roƙe ni komai ba. Shafa hannun ɗiyata kawai take yi tana cewa, "Masha Allah, ƙawa, kamar ba ita ba."

Wata rana muna komowa, yaron ya yi ta tsala ihu yana goga ƙafa da ƙasa. Na kwance bakin zane, na matse mata rabin man a ƙoƙonta.

Ta ce, "Ƙawa, Madam fa ta hana."

Na ce, "Madam ba ta ji kukan nan ba."

Da sati ya zagayo, ban same ta a gindin gawo ba. Na tafi ni kaɗai. Madam ta juya kwalin man, ta dube ni. "Uwar ɗiya, ina sauran?" Na faɗa mata komai. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai rubuta a takarda. Can ta ce, "Na gode da kika faɗi gaskiya. Amma yanzu ba mu da hanyar sanin wanne ya yi aiki a jikin yaron. Dole in cire su duka biyu daga gwajin. Yara da yawa na jiran amsar nan." Ta ba ni man da aka saba, ta sallame ni.

Na koma gindin itacen na zauna har la'asar. Wani makiyayi da ya zo wucewa ya ce rugar su ƙawata ta tashi shekaranjiya, sun yi kudu da sauran shanun.

Ɗiyata ta warke sannu a hankali, yau ita ma uwa ce. Shi kuwa yaron, har gobe ban san ko man ya yi masa amfani ba. Ban san sunan mijinta ba, ban san inda suke sauka ba. Ban tambaya ba, don na ɗauka kullum za ta jira ni. Har yanzu in na ga tsohuwar Bafulatana a kasuwa sai na leƙa fuskarta.

Abin ya koya mini cewa tausayi ma yana bukatar haƙuri. Ya kuma koya mini cewa in Allah ya haɗa ka da mutumin kirki, ka tambayi inda za ka same shi tun kuna tare.