Robar Ƙofar da Ban Duba Ba

Na yi shekaru ina gyaran firij da firiza a kamfanonin Sharaɗa da Challawa. Ayyuka da yawa sun shige na manta da su, amma akwai guda ɗaya da ba zai fita daga raina ba muddin ina numfashi.

Lokacin wayar salula ba ta daɗe da shigowa Kano ba, ni kuwa na sayi tawa, ina ji da kaina. Aka kira ni wani kamfanin yogot a Sharaɗa, wai babban firij ɗinsu ba ya riƙe sanyi, kaya suna ta lalacewa. Na je na ƙara gas, na saurari inji, na ji lafiya lau. Da manaja ya tambaye ni, ko kallon ƙofar ban yi ba na ce, "Ranka ya daɗe, inji ƙalau yake, sai dai in ana barin ƙofa a buɗe." Na hau babur ɗina na koma Dorayi.

Bayan mako biyu aka sake kira na. Ina shiga na tarar da dattijon da ke kula da firij ɗin yana naɗe dardumarsa. Mutumin Zawaciki ne, 'ya'ya da jikoki duk suna wuyansa. Ma'aikata suka raɗa mini an sallame shi, ran nan ce ranarsa ta ƙarshe. Wai manaja ya ce ai mai gyara ma ya faɗa, sakaci ne.

Na lura da wani benci da aka tokare ƙofar da shi, na tambayi dattijon. Ya ce shi yake sa shi duk sanda zai tafi salla, domin ko ƙofar na rufe yana jin sanyi na busa masa ƙafa. Ya taɓa faɗa, aka yi masa dariya.

Na yagi takarda na sa a bakin ƙofar na rufe, yadda maigidana a sana'a ya koya mini. In robar da ke zagaye da bakin ƙofar na da rai, za ta cije takardar. Wannan kuwa sai ta zame ta faɗi ƙasa da kanta. Na durƙusa na leƙa, ashe robar ƙasa ta bushe ta tsage. Aikin minti ɗaya ne, girman kai ya hana ni yin sa tun farko.

Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin in canja robar in ja bakina in yi shiru, don kamfanin nan ne ke ba ni aiki mai tsoka. Amma na kasa. Na kira manaja na sake gwajin a gabansa, na ce kuskuren nawa ne, Baba ba shi da laifi. Ya wanke ni tas, kuma daga ranar ba su ƙara nema na ba. Sai dai ya ce Baba ya koma bakin aikinsa.

Na je na sayo sabuwar roba. Ina jiƙa ta a ruwan zafi don ta yi laushi, sai dattijon ya zo ya tsuguna kusa da ni. Na ce, "Baba, ku yafe mini."

Ya ce, "Ba komai, ɗana. Abin da ya fi damuna, har na fara yarda cewa ni nake mantawa. Na ce ashe tsufa ya kawo ni nan."

Magana ɗaya da na yar a kan hanyata ta fita ta kusa raba mutum da abincinsa, har ta sa ya zargi hankalinsa. Tun daga ranar na gane cewa maganar mai gyara shaida ce. Abin da ban duba da idona ba, ba na ɗora wa kowa.