Ranar da Baba Abdulai Ya Je Ba Akwati Haƙuri

Duk unguwar Morris Heights babu wanda bai san Baba Abdulai ba, mutumin Zangon Kumasi mai shagon garin rogo da manja da busasshen kifi. Ya yi tuƙin tasi, ya yi gadi, amma ainihin sana'arsa shiga tsakani. Miji da mata su kaure, a kira Abdulai. Direbobi su yi cacar baki kan fasinja a filin jirgin sama na JFK, a kira Abdulai. Sai ya zura babbar riga, ya ɗauki ƙullin goro, ya zauna yana "a yi haƙuri, a yi haƙuri" har masu faɗan su shirya don dai su samu ya tafi. Alfaharinsa ɗaya ne, ƙafarsa ba ta taɓa taka kotu ba.

To, 'yarsa Hanan, wadda ake yi wa Hausa ta amsa da Turanci, ita ta haɗa wa shagon wata dabara. Ka yi odar kaya ta waya, in an ɗaure maka, saƙo ya shigo ya ce zo ka ɗauka. Ciniki ya buɗe. Ana cikin murna sai ga gargaɗi daga wani kamfani, wai dabarar aika wa mai saye saƙo tasu ce, sun yi mata rajista a hukuma. Ko a biya su, ko a haɗu a kotu. Kuɗin da suka yanka kuwa, sai dai a rufe shagon.

Hanan ta yi bayani har bakinta ya bushe. Mutanen nan ba su ƙera komai ba, tsofaffin rajistoci suke saye su bi ƙananan shaguna da barazana.

"Ke yarinya ce," in ji Abdulai. "Mun ɗauki abin mutum ba sallama, ai dole ransa ya ɓaci. Zuwa da kai ya fi aike."

Ya ɗauko Alhaji Amadou, ladanin masallacinsu, suka sha manyan riguna da turare, suka hau jirgin ƙasa zuwa Manhattan. A hanya har gardama suka yi kan wanda zai fara magana in mai kamfanin ya fito.

Suna isa adireshin kamfanin suka tarar da wani ɗan shago, bangonsa cike da ƙananan akwatunan wasiƙa kamar ɗakin tattabaru. Abdulai ya faɗi sunan kamfanin. Ma'aikacin wurin ya nuna wani akwati can ƙasa, kusa da kwandon shara.

"A'a, maigidan muke nema," in ji Abdulai.

Ma'aikacin ya ce shi tun da ya kama aiki bai taɓa ganin kowa daga kamfanin ba.

Ikon Allah! Alhaji Amadou ya tattara riga ya durƙusa, ya leƙa ta kafar akwatin. Kuma da yake sabo turken wawa ne, sai ga shi yana cewa, "Salamu alaikum." Akwati dai bai amsa ba.

A jirgin dawowa tsoro ya kama Abdulai, don da shagon nan yake ci da iyalinsa. Daga baya tsoron ya koma haushi. Duk mugun da ya taɓa lallashi yana da fuska, yana da uwa, yana da wanda yake jin nauyi. Wannan fa?

Ashe ba shi kaɗai ba ne. An aika wa mai askin layinsu irin wannan gargaɗin, an aika wa Ama mai shinkafa da wake. Hanan ta samo wata lauya mai taimakon ƙananan 'yan kasuwa, lauyar ta ce irin waɗannan kamfanoni sukan ja da baya in an haɗa kai an ƙi, amma fa sai an shirya wa shiga kotu.

Abdulai ya sami Ama a bayan tukwanenta tana hawaye, ta ce ita ba ta son fitina, za ta sayar da 'yan gwala-gwalanta ta ba su.

Ya buɗe baki, maganar da ya saba ta zo har kan harshe. Ya haɗiye ta da ƙyar.

"Ama, kada ki ba su ko sisi. Share idonki. In kotun ce, ni zan shige gaba."