Ranar da Kare Ya Kai Baba Mahauta

Yayana ne ya ɓata mini kare, ni kuma aka yi wa dariya a kasuwar Tudun Wada. Har ya koma ga Allah bai taɓa ce mini in yi haƙuri ba. Na faɗa masa a kan idonsa tun yana raye, don haka kada wani ya ce ina cin naman mamaci.

Mahaifinmu maharbi ne, amma da horon karnuka aka fi saninsa. Daga Kiru, daga Doguwa, har daga Ƙofa akan kawo masa kwikwiyo ya riƙe, sai ya iya aiki ya mayar wa mai shi. Wani na farauta, wani na korar birai daga gonar dawa a bakin daji. Cikin wannan na tashi. Matan unguwa ba sa shan ruwan randarmu, wai gidan karnuka ne, amma ba su taɓa mayar da naman gada ba in an aika musu.

Lokacin da aurena na fari ya mutu na dawo gida, kafin a ba ƙasa mulkin kai, na tarar idon Baba ya tafi. A hankali ya tafi, kamar na maza da yawa masu noma a bakin rafin nan. Mutumin da ya san daji kamar tsakar gidansa, ya koma zaman zaure, har sallar Juma'a ta gagare shi. Yaya ya ce a yanko masa sanda a riƙa jan sa. Baba ya ƙi.

"Uwata," ya ce mini, don haka yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa na ci, "duk wanda ya gan ni ana ja na da sanda, sadaka zai miƙo mini. Gara in zauna."

A lokacin kare ɗaya ya rage a gidan, wata tsohuwar karya ja da ta gama farauta. Ta zama ta kowa. 'Ya'yan Yaya suna hawanta kamar jaki, kowa ya rage tuwo ya jefa mata, ba ta da aiki sai kwanciya a gindin rumbu. Da ta haihu, Baba ya sa na riƙa miƙa masa 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya yana laluba su. Ya tafa hannu kusa da kunnensu. Duk suka firgita sai wani baƙi mai farin ƙirji, shi ya tsaya yana sansanar yatsunsa.

"Wannan," in ji Baba. "Shi zai riƙa kai ni. Ke za ki hora shi, ni in faɗa miki yadda za ki yi."

Ba wanda ya taɓa ganin kare yana yi wa makaho jagora a ƙasarmu. Ni dai na yarda, don Baba bai taɓa kuskuren kare ba.

Ƙa'idarsa ɗaya ce, kuma a gaban Yaya ya faɗe ta. Karen aiki daga hannu ɗaya yake ci, a kaskonsa, kuma ba ya yawo da karen gida. Ya ce da an yaye shi a kai uwar bukkar gona. Yaya ya ce yaransa za su yi kuka, a bar ta. Gidan ya riga ya koma hannunsa, aka bar ta.

Na yi aikina. Baduku ya ɗinka mini ɗamarar fata wadda ke kama ƙirji ba wuya ba, na ɗaura mata gajeriyar igiyar rama. Na koya masa ya tsaya cak a bakin rami, ya kauce wa saiwa, ya jira in jaki ya tare hanya. Fito ɗaya tafi, fito biyu tsaya. In ya yi daidai in ba shi ƙanzo jiƙaƙƙe daga tafin hannuna. Kaza ta gitta, ƙadangare ya gitta, ba ya ko ɗaga kunne. Har ƙashi nakan ajiye a hanya, ya dube shi, ya dube ni, ya wuce. Daga baya muka fara fita da Baba, yana riƙe da igiya ina tafe a gefe, zuwa gona, zuwa gindin tsamiyar da ke kusa da masallacin Juma'a, inda za a ɗaure shi ya jira.

Abin da ban sani ba, duk ranar da na tafi rafi wanki, Yaya kan bi ta mahauta wajen wani abokinsa, karyar tana biye da shi kamar kullum, ɗan nata yana biye da ita. Can ake jefa musu huhu da guntun hanji.

Da kaka ta yi, Baba ya ce Juma'a mai zuwa shi kaɗai zai tafi. Ni kuwa bakina bai iya shiru ba. A bakin rijiya na ce wa matan nan su fito su ga abin da gidan karnuka ya iya. Wata ta ce, "To, Allah ya sa limamin ma ya san da zuwan sabon ladan." Na ce ta ajiye dariyarta, za ta buƙace ta.

Ranar na wanke masa farar rigarsa, na naɗa masa rawani. Na riga shi fita da ƙwaryar daddawata na zauna a bakin kasuwa, inda hanyar masallaci ta bi ta gefen rumfunan mahauta. Sai ga su. Baba a miƙe, kansa a sama kamar dā, karen yana gaba yana tafiya a natse. Mutane suka dare. Kowa ya bar ciniki yana kallo. Wallahi a lokacin ji na yi kamar ni na haifi su biyun.

Daidai nan wani mahauci ya watsar da ruwan wankin tumbi. Karen ya tsaya. Ya waiga ya dubi fuskar Baba, na gani da idona, ya ɗan jima yana dubanta. Sannan ya fizga. Baba ya yi fito biyu, ya sake yi. Igiyar tana naɗe a hannunsa. Ya bi ta da gudu-gudu, ƙafarsa ta faɗa kwatamin da jini da kashin tumbi ke bi, ya kife.

Dariyar ba ta zo nan take ba. Sai da abokin Yaya ya ce, "Baba, ai ba nan ake sallar ba," sannan ta ɓarke. Shi ya ɗaga shi, ban hana masa wannan ba. Rawanin ya warware cikin kwatami, gaban rigar ya yi ja da kore. Karen kuwa yana ƙarƙashin teburin nama yana tauna. Mahaucin ya ce, "A'a, ashe baƙin nan naku ne? Ai ɗan gida ne, kullum da uwarsa suke zuwa."

Na bar daddawar a nan. Na kama hannun Baba na ja shi gida ta tsakiyar kasuwa, abin da ya ƙi tun farko, ana kiran salla a bayanmu. Matan rijiya suna tsaye a hanya. Suka bi mu da kallo, da ma sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Wani baƙo da bai san mu ba ya miƙo wa Baba goro ya ce, "Ga sadaka, Malam." Baba ya karɓa ya ce Allah ya amfana. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan goron ba.

A tsakar gida na tare Yaya.

"Yaya, kai kake kai shi mahauta?"

"Ni na kai shi? Uwarsa ya bi."

"Ba a gabanka Baba ya ce a raba su ba?"

"Ke, kare ne fa, ba alƙali ba. Ya ga nama ya ci. Da ma wa ya ce ku yi abin da ba a taɓa yi ba?"

Na faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa na gaba. Ban janye ko ɗaya ba.

Da la'asar na kai wa Baba fura a zaure. Bai sha ba. Ya ce daga yau ba inda zai sake zuwa, a nan zai riƙa yin sallarsa har a fitar da gawarsa. Na ce laifin Yaya ne. Ya juyo da fuskarsa wajena.

"Kafin ya fizga, ya dube ni?"

Na ce ya dube ka.

"In kin ajiye masa ƙashi a hanya, wa yake duba?"

Na ce ni.

"To idonki yake tsoro, Uwata. Ya duba nawa, ya ga ba kowa."

Duk watannin nan ina gefe ina zare masa ido, ina ce wa kaina ya iya.

Washegari da sassafe na ɗaure karyar a ƙofar ɗakin Yaya, na ce ga tasa nan, in na sake ganinta kusa da kaskon ɗanta, ni da shi ne. Na sa wa baƙin ɗamararsa. A bakin zaure na cire ɗankwalina na ninka shi, na ɗaure idona tamau har ba na ganin ko hasken gari.

Baba ya ji motsin igiya.

"Ina za ki?"

"Mahauta."

"Za su yi miki dariya."

"Sun riga sun yi."

Na ji ya gyara zama a kan buzunsa. "Kada ki naɗe igiyar a hannu," ya ce. "Riƙe ta gajere, ki ji kafaɗarsa kafin ya yi niyya."

Na rage tsawon igiyar, na yi fito ɗaya, muka fita.